Linzamin Dokin Kawu

Kawuna, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ce wa babur ɗinsa babur ba. Doki yake kiransa, birkin kuma linzami. Daga Amurka ya taho da shi bayan ya gama karatu, a zamanin da naira ta fi dala daraja, har ɗalibi mai tattali kan iya sako abin hawa a jirgin ruwa ya je Ikko ya karɓa. Honda Gold Wing ne, ƙirar GL1000 ta 1977. Muna yara a Jos, idan ya tayar da shi ranar Juma'a bayan la'asar, mukan bar wasa mu kewaye shi, domin ba ƙara yake yi irin ta baburan unguwa ba, wani gurnani ne mai laushi kamar na mota.

Kuma lallai ya fi kusa da mota. Kamfanin Honda ya fara nuna wannan ƙira a birnin Kolon na Jamus a 1974, ta shiga kasuwa a 1975. Injin sisi 999 ne, silinda huɗu a kwance, biyu dama biyu hagu, kuma ruwa ke sanyaya shi, da lagiretonsa a gaba. Ba shi da sarƙa, sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya. Abin da kake gani kamar tanki ma ba tanki ba ne, akwati ne na wayoyi da 'yan tarkace, fetur ɗin yana can ƙarƙashin kujera. Nauyinsa ba mai ba ruwa ya kai kilo 265. Kawu ya ƙara masa garkuwar iska ta Vetter a gaba da akwatuna biyu a baya, yadda matafiyan Amurka suke yi a lokacin. Idan mutum ya hau da goyo da kaya, an haura kilo 400. Duk wannan nauyi faifan ƙarfe uku ne ke tsayar da shi, biyu a gaba, ɗaya a baya.

Da gwiwoyin Kawu suka fara ba shi wahala, sai ya tura dokin ɗakin ajiya ya lulluɓe shi da tamfol. Shekara 15 ya yi a nan. Ranar rabon gado ba wanda ya waiwaye shi, sai Inna ta dube ni ta ce, “Ɗauki abinka. Tun kana ƙarami kai ne mai goge masa ƙura.”

Wata 7 na yi ina tayar da shi, kuma ban yi rowar kuɗi ba. Kafireto huɗu aka kwance aka wanke. Na canza bel biyu na cikin inji, saboda an gargaɗe ni cewa idan ɗaya ya tsinke ana tafiya, fistin zai daki bawul injin ya lalace. Aka fitar da tsatsar tanki, aka sa sabon batir da fulogi, aka sake fenti, mai ɗinkin kujeru ya yi wa kujerar sabuwar riga. Birki kuwa, ga iyakar abin da na yi masa: na matsa hannun birki na ji ya yi tauri, na tura babur a tsakar gida na taka na ƙafa ya tsaya. Na buɗe 'yar tukunyar man birki na ga ya yi ƙasa kuma ya yi duhu, na sayo gwangwani na cika. Na ce birki lafiya lau. Ban ji a raina cewa sakaci nake yi ba, na ɗauka na duba ne.

Tafiyar farko mai nisa Akwanga na nufa. Na yi wa ɗana alkawarin goyo, yana da shekara 11 a lokacin, har ya sa hular kwano ya tsaya bakin ƙofa. Mahaifiyarsa ta ce a'a, in je in dawo ni kaɗai tukuna. Na ji haushi, yaron ya yi kuka, na tafi.

Duk wanda ya taɓa sauka daga tsaunin Jos ta wannan hanya ya san Hawan Kibo. Gangara ce doguwa mai kwana-kwana, kuma gefen hanyar ba ya rabuwa da gawar manyan motoci. Na shige ta a giya ta biyar, ina riƙe da birki kaɗan-kaɗan, yadda na saba yi da ƙaramin babur. Kwana biyu na farko lafiya. Daga nan na ji hannun birkin ya fara laushi, kamar ana matsa soso. A kwana ta gaba na matsa, sai ya tafi har ya taɓa mariƙi, babur bai ko rage gudu ba. A gabana akwai tankar mai tana rarrafawa.

Ba zan ce na yi wata dabara ba. Bakina salati yake, ƙafata ta danna birkin baya, ya kama amma ba ƙarfi. Na sauke giya zuwa ta huɗu, ta uku, ta biyu, injin ya yi kururuwa, tayar baya ta yi ƙara a kan kwalta ta ɗan kauce ta dawo. Na yi ta matsa hannun birki ina saki, sai can ya ɗan kama. Allah ya sa akwai fili a gefen hanya, na sauka kan tsakuwa na tsaya, tsakanina da bayan tankar bai fi tsawon mota biyu ba. Na zauna a ƙasa domin ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Abin da na fara kallo shi ne kujerar baya.

Bayan kamar rabin awa na tashi na matsa birkin, sai na ji shi da tauri kamar ba abin da ya faru. Wani direba da ya tsaya ya taya ni jaje ya gwada shi ma, ya ce, “Ai ya dawo, Malam. Zafi ya ɗauka kawai. Yi bisimilla ka ci gaba.” Da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma kaɗan ya rage in bi shawararsa. Sai na nemi a-kori-kura, muka haɗu mu biyar muka ɗora babur, na koma Jos.

Akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana gyaran manyan babura, kowa Baba yake ce masa. Shi na kai wa. Bai tambaye ni komai ba sai da ya sa tiyo ƙarami ya zuƙo man daga ƙasa, wajen taya, ya zuba a kwalba ya ɗaga ta sama. Launinsa kamar shayin da ya kwana, da gudaji-gudaji a ciki.

“Ɗana, yaushe rabon da a canza wannan?”

“Na ƙara masa sabo, Baba.”

“Ban ce ƙari ba. Sabon naka yana sama yana hutawa. Wannan da ke ƙasa, wanda yake shan wuta, na kawunka ne.”

A kwanakin da muka yi tare na fahimci abin da ya same ni a gangarar nan, kuma ina ganin ya kamata duk mai hawa abin da ke da birkin mai ya san shi. Birki ba ya kashe gudu haka kawai, mayar da shi zafi yake yi. Babur mai kilo 400 da ya sauko mita 100 daga tudu, idan birki kaɗai ke riƙe da shi, zafin da zai tara ya isa ya tafasa ruwa lita guda. Zafin nan daga faifai yake bi ta fad ya shiga fistin, ya kai ga man da ke bayansa. Shi mai ba ya matsuwa, shi ya sa idan ka matsa a sama ƙarfin yake isa ƙasa. Tururi kuwa yana matsuwa. Da zarar man ya tafasa, hannunka tururi yake matsawa, faifai bai san kana yi ba. Idan ya huce tururin ya koma ruwa, birki ya dawo, mai shi ya ɗauka ya warke.

To me zai sa mai ya tafasa? Man birki irin wanda aka rubuta a murfin wannan babur, DOT 3, an shar'anta masa kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 yana sabo. Amma yana da wata ɗabi'a: yana shan danshin iska, ta murfi, ta jikin tiyon roba ma, a hankali, damina bayan damina. Idan ruwan cikinsa ya kai kashi 3.7 cikin 100, ma'aunin da aka yarda masa ya sauko zuwa digiri 140. DOT 4 ya ɗan fi shi, 230 yana sabo, 155 idan ya sha ruwa. Wannan ne dalilin da masu ƙera babura suke cewa a zubar da shi duk shekara 2, ko an hau ko ba a hau ba. Nawa ya yi damina 15 a ɗaki. Na sha jin 'yan tasha suna cewa idan man birki ya yanke a daji sai a kaɗa garin sabulu da ruwa a zuba. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma yana cin ƙarfe. Wanda ya yi haka ya isa gida, Allah ne ya kai shi.

Da muka kwance kalifa, wato muƙamuƙin da ke cije faifai, sai ga rabin labarin na biyu. Kowace ta gaba tana da fistin guda, kuma na hagu sai da aka sha fama kafin ya fito. A cikin ramin fistin akwai wata 'yar kwarya da aka yanka a kewaye, a nan zoben roba yake zama. Baba ya nuna mini aikin wannan roba, wanda ban taɓa tunaninsa ba. Ba hana yoyo kaɗai take yi ba. Idan fistin ya fita takan ɗan lanƙwashe ta bi shi, idan aka saki birki ta miƙe ta jawo shi baya kamar kaurin gashi, fad ya saki faifai. A nawa, wani farin gari mai tauri ya taru a bayan robar, ya turo ta ta shaƙe fistin. Ma'ana tun daga ƙofar gida fad yana gugar faifai, ina tafiya ina dafa man da kaina. Kafin in iso Hawan Kibo tukunyar ta riga ta yi zafi, gangarar ƙarasawa kawai ta yi.

Kwana guda cur Baba ya ba ni ina kankare kwaryar nan da guntun tagulla da tsinken itace. Ya hana ni sa sukudireba, ya ce ƙarfe zai ji wa wurin ciwo, kuma ciwon nan yoyo ne. Fistin biyu daga cikinsu tsatsa ta yi musu ramuka, na tambaya ko a goge da sanfefa. Ya ce fistin da ya yi rami ya gama aiki, duk sabuwar robar da ka sa masa yanka ta zai yi. Fad ɗin kuwa da sauran kauri sosai, har na yi murna, sai ya sa farce a gefen ɗaya ya ɗan ɓanɓara, fuskar ta rabu da ƙarfen bayanta. Gam ɗin ya mutu. Da na sunkuya zan hure ƙurar, ya riƙe kafaɗata: tsofaffin fad na wancan zamani da yawa da asbestos aka yi su, ƙurarsa cutar huhu ce, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa.

Masta, wato famfon da ke jikin hannun birki, shi ne ya fi tsorata ni. A ƙasan tukunyar mai akwai huda biyu, ɗaya babba, ɗaya ƙarama wadda da ƙyar ido ke gani. Ta ƙaramar nan ne mai yake komawa sama idan an saki birki. Tawa ta kusa toshewa. Baba ya zaro silin waya guda ya buɗe ta, ya ce, “Kai birkinka tafiya ya yi. Da wannan ta toshe gaba ɗaya, kamawa zai yi. Mai ya yi zafi ya kumbura, ba hanyar komawa, taya ta gaba ta kulle kana cikin gudu.” Na tsaya ina kallon hudar. Kan allura ya fi ta girma.

A kan tiyo ne na yi gardama da wani abokina mai son tsofaffin ababen hawa. Shi a ganinsa tsohon babur darajarsa ita ce a bar masa komai yadda ya fito daga kamfani, kuma tiyoyin Kawu ba su tsage ba. Na fahimci abin da yake ji, ni ma ban so in cire wani abu da hannun Kawu ya taɓa ba. Amma Baba ya sa na riƙe tiyon a tafina ya matsa birki, na ji yana kumbura kamar jijiya. Ƙarfin da ya kamata ya je faifai, a hanya yake tsayawa yana hura roba. Na canza su duka da masu saƙar ƙarfe a waje, na zaɓi masu baƙar riga don kada su sauya wa babur kama, na naɗe tsofaffin na adana. Ra'ayina har gobe shi ne a riƙe asali a fenti da fitila da tambari, amma roba mai shekara 40 ba kayan tarihi ba ce matuƙar da rai a kan kujera.

Robobi da fistin ba su samu a Jos ba, na aika Kano da Kaduna ma ba a dace ba. Wani ya kawo mini zoben roba daidai girman, ya ce na famfon ruwa ne amma zai shiga. Zai shiga, sai dai man birki ba kowace roba yake bari ba, kamar yadda robar birki ba ta jure baƙin mai ko fetur ko kananzir, kumbura take yi ta lalace. Don haka ko wanke kayan ba a yi da fetur, da sabon man birki ake shafa su a mayar. Sai da na jira sati 6 wani ɗan'uwa ya aiko da na ainihi daga Ingila. Jiran ya yi mini tsawo, amma araha ba ta ado, balle a nan.

Wani abin lura ga mai irin wannan aiki: tsofaffin baburan tafiya ba birki ɗaya gare su ba. BMW na shekarun 1970 sun ɓoye masta a ƙarƙashin tanki, waya ce ke jan sa daga hannu, yana iya yoyo shekara da shekaru ba wanda ya gani. Moto Guzzi 850 T3 na 1975 ya haɗa birkin ƙafa da faifai ɗaya na gaba, Gold Wing ma ya bi wannan hanya a 1983. Birkin da ke hana taya kullewa kuwa sai 1988 ya fara zuwa kan babur, a BMW K100, don haka duk wanda ya girmi wannan, hannun mahayi ne kaɗai ma'auninsa. Haka man DOT 5, lambarsa ta fi girma amma wani jinsi ne daban, na silikon, ba a gauraya shi da DOT 3 ko 4.

Ranar haɗawa Baba ya sa na rufe sabon fentin da tsumma, domin man birki yana cin fenti. Kowane noti mai huda da ke riƙe tiyo muka sa masa sababbin washa na tagulla. Faifan muka auna kaurinsu muka gwada da lambar da aka buga a jikinsu, duka uku sun tsallake. Gwangwanin mai kuwa sai da ya duba hatiminsa, ya ce kada in kuskura in sayi wanda aka ɗura a kwalba a bakin titi, ba wanda ya san tsawon lokacin da ya yi a buɗe. Sannan aka shiga cire iska, wanda makanikai ke kira bilidin. Ni ina sama, shi yana ƙasa da sifana.

“Matsa. Riƙe. Kada ka saki.”

Ya buɗe noti, kumfa ta fita, ya rufe.

“Saki. Sake matsawa.”

Mun fi awa guda a haka, ina ƙara mai kada tukunyar ta ƙafe. Duk da haka da sauran laushi kaɗan. Ya juya kan babur yadda masta zai zama shi ne mafi tudu, ya ƙwanƙwasa tiyo da bayan sifana, ya ɗaure hannun birkin da igiyar roba, ya ce in je gida in kwana. Da safe na kwance igiyar na matsa. Sai a ranar na san yadda birkin Kawu yake a zamanin da muke kewaye shi muna yara. Taurin da na ji a tsakar gida wata 7 baya taurin abin da ya daskare ne, ni kuma na karanta shi a matsayin lafiya.

Nan ne kuskurena yake, kuma ba na jahilci ba ne kaɗai. Duk abin da zai sa babur ya tashi, ya yi gudu, ya yi kyau a idon mutane, na bi shi har gindinsa, domin idan bai yi ba nan take zan gani. Birki kuwa ba ya kai ƙara. Yakan yi shiru yana ruɓewa, ya amsa maka a tsakar gida, ya amsa a cikin gari, sai ranar da ka fi bukatarsa. Mutane da yawa sun ce mini tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara, amma kwalbar nan mai launin shayi ba daga sama ta faɗo ba, ni ne na ga duhun man na rufe murfi. Kafin mu rabu Baba ya sa yatsa a gefen taya ya nuna mini lambar shekarar ƙira: lamba uku ce, alhali tun 2000 huɗu ake bugawa. Zanen tayar bai ci ba, amma ta bushe kamar ƙirgi. Su ma na canza.

Ina share akwatin da ke kama da tanki ne na sake cin karo da ɗan littafin Kawu. Na gan shi tun farko, na duba shafukan baƙin mai da fulogi na ajiye. A can baya akwai shafi guda da ya rubuta wa kai da hannunsa, linzami, a ƙasa kuma kwanan wata ne a jere, tsakanin kowane da na gaba shekara 2, bai taɓa tsallake ko ɗaya ba har shekarar da ya rufe dokin da tamfol.

Sati 2 na yi ina zagaya bayan gari a hanya marar cunkoso, ina gudu kaɗan ina tsayawa, don sababbin fad su zauna da faifai. Bayan nan na koma Hawan Kibo ni kaɗai. Tun daga sama na sa giya ta uku na bar inji ya riƙe nauyin, birki sai gab da kwana, in kama da ƙarfi in saki ya sha iska. Na wuce filin tsakuwar nan ban tsaya ba. A ƙasa na faka, na kai bayan hannuna kusa da faifan hagu, sannan na dama, ɗuminsu ɗaya. Na matsa hannun birki, yana nan inda na bar shi da safe.

Asabar ta gaba mahaifiyar yaron ce da kanta ta ɗaure masa igiyar hular kwano. Ta ja ta sau biyu ta tabbatar, sannan ta dube ni ta ce mu dawo kafin magariba.